Mota Ɗaya ko Biyu? Darasi a kan Abin Hawa Bayan Ajiye Aiki

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa, ya kuma sanya wa kowane abu ma'auni. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga wata tambaya da wani dattijo ya kawo mana bayan sallar La'asar a nan Dakoro. Shi malamin makaranta ne da ya ajiye aiki, uwargidansa kuma unguwarzoma ce, ita ma ta ajiye. Lokacin da suke bakin aiki a Maradi kowa da motarsa, domin wurin aikinsu daban, lokacin fitarsu daban, ita kuma akan kira ta cikin dare. Yanzu sun dawo gida, motoci biyu suna tsaye a ƙofar gida, ɗaya takan yi mako ba a tashe ta ba. Shi yana ganin a sayar da ɗaya. Ita ta ce masa: "Malam, tawa da gumina na saye ta." 'Ya'yansu kuma suna cewa kada a sayar, don kada mutane su ce talauci ya kama gidan. Ya ce mu gaya masa abin da shari'a ta ce.

Wani zai ce mene ne na ɗaukar wannan magana a garin da yawancin jama'a ba su da ko babur, inda har yau akan ɗauko mai naƙuda daga ƙauye a kan amalanke? Amsarmu ita ce hukuncin ɗaya ne. Mai babur biyu, da mai amalanke biyu, da mai shanun huɗa fiye da gonarsa, duk wannan darasi ya shafe su.

Asalin hukunci

Da farko dai mu sani cewa mallakar abin hawa halal ne, ko ɗaya ko fiye, muddin dukiyar ta halal ce. A cikin Suratun Nahli, aya ta 8, Allah ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a cikin ni'imominsa, ya bayyana cewa an halicce su don hawa da kuma ado, sa'annan ya yi nuni da cewa yana halittar abin da mutane ba su sani ba. Malamai da dama na wannan zamani sun ga cewa mota da jirgi sun shiga cikin wannan nuni. Haka nan Ibn Hibban ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya lissafa abin hawa mai daɗi a cikin abubuwa huɗu na jin daɗin duniya, tare da mace tagari, da yalwataccen gida, da maƙwabci nagari. Kuma babu zakka a kan motar da mutum yake hawa don buƙatar kansa, bisa ƙiyasi da dokin hawa, wanda hadisin Abu Huraira (R.A.) na Buhari da Muslim ya ɗauke wa zakka.

Saboda haka babu mai ikon ce wa dattijon nan ya yi haram. Sai dai halal ma tana da ma'auni, kuma a nan ne tambayarsa take.

Ma'aunin farko: buƙata

Malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, sun kasa abubuwan da rayuwa take tsayuwa a kansu gida uku. Akwai na larura, waɗanda in babu su rai ko addini ko dukiya za su salwanta. Akwai na buƙata, waɗanda in babu su za a rayu amma cikin ƙunci. Akwai na ƙawa, waɗanda suke ƙara wa rayuwa kyau kawai. Ƙa'ida ita ce ba a tauye na sama domin a raya na ƙasa.

To, mu auna. Tsakanin Dakoro da Maradi kimanin kilomita 120 ne. Tsohon da ke fama da hawan jini ko ciwon suga, wanda za a iya cewa a wuce da shi babban asibitin Maradi da tsakar dare, motar farko a wurinsa tana kusa da larura. Ta biyun fa? Idan tafiyarsu ɗaya ce, zumuntarsu ɗaya ce, masallaci da kasuwa kuma ƙafa tana kai su, to ta biyun ta sauko zuwa ƙawa. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya ƙidaya shimfiɗun gida, ya ba miji ɗaya, ya ba matarsa ɗaya, ya ba baƙo ta uku, ta huɗu kuwa ya jingina ta ga Shaiɗan. Malamai sun yi bayani cewa abin zargi shi ne abin da ya wuce buƙata, aka ajiye shi don alfahari. Ku lura da kyau, hadisin ya ba matar tata shimfiɗar daban. Ashe ba ƙidaya ake dubawa ba, amfani ake dubawa. Idan uwargida har yanzu ana kiranta karɓar haihuwa, ko maigida yana da gona mai nisa wajen Kornaka ko dabbobi a arewa wajen Tarka, har ya kwana biyu bai dawo ba, to mota biyu buƙata ce, ba ɓarna ba.

Shawarar da muka ba shi mai sauƙi ce. Ya ɗauki takarda, wata uku cur, ya riƙa rubuta duk ranar da motocin biyu suka fita a lokaci ɗaya kuma babu yadda za a haɗa tafiyar. In ranakun sun yi yawa, ga amsa. In bai wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba, kuɗin kabu-kabu ko shatar mota na waɗannan ranaku bai kai abin da motar take ci tana tsaye ba.

Ma'auni na biyu: iko

Allah ya yabi bayinsa a cikin Suratul Furƙan, aya ta 67, da cewa suna tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro wajen ciyarwa. A Suratul Isra'i kuma, daga aya ta 26 zuwa ta 29, ya tsawatar a kan almubazzaranci, ya hana ƙunƙume hannu, ya kuma hana sakinsa gaba ɗaya har mutum ya koma abin zargi. Tsaka-tsakin nan yana canzawa da halin mutum. Abin da yake daidai ga mai albashi yana iya zama ɓarna ga mai fansho, domin kowa ya san fansho bai kai albashi ba, alhali kuɗin magani ƙaruwa yake da shekaru. Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Mota kuwa dabba ce da take ci ko ba ta yi aiki ba. Inshora da harajin shekara ba su san ta tsaya ba. Batir yakan mutu, tayoyi su tsage saboda rana, ƙura ta shiga inda ba a zato. In kuma ta tashi, ga lissafin mai. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauke farashin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Bisa wannan farashi, motar da take shan lita 10 a kilomita 100 za ta ci kusan jika 12 a zuwa Maradi da dawowa, ban da gyara.

Kuma shekarun nan sun koya mana cewa farashi ba ya da amana. Dattawanmu ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, ga albashi yana makara wata da watanni. A watan Mayu na 2023 Nijeriya ta janye tallafin mai, man ruwa-ruwa da jihar Maradi ta daɗe tana dogaro da shi ya daina araha. Bayan Yuli na wannan shekarar aka rufe iyakar Benin, hanyar Kwatano da motoci da kayan gyaransu suke biyowa ta toshe. A watan Maris na 2025 kuma, duk da matatar Damagaram da aka buɗe tun 2011, sai da aka yi dogayen layuka a gidajen mai. Wanda abin shigarsa ƙayyadadde ne, ya kamata ya bar wa irin waɗannan ranaku wuri a cikin lissafinsa.

Iyakar da ba a tsallakewa ita ce wannan. Idan riƙon mota ta biyu zai taɓa hatsin gida, ko magani, ko karatun marayun da ke hannun mutum, to ya fita daga halal mai sauƙi ya shiga tauye haƙƙi. Idan kuwa har sai an ci bashi da ruwa don a raya ta, to an shiga abin da ƙarshen Suratul Baƙara ya yi shelar yaƙi a kansa. Mu tuna, Buhari ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya dakata da yi wa wani mamaci salla saboda bashin da ke kansa, har sai da Abu Ƙatada (R.A.) ya ɗauki nauyin biya. Wanda furfura ta game kansa ba lokacin buɗe sabon bashi yake ciki ba. Maganar 'ya'ya kuwa ta cewa mutane za su yi surutu ba hujja ba ce, domin masu surutun ba su ne za su sayi maganin ba.

Ma'auni na uku: haƙƙin mai abu

Nan ne da yawa daga cikinmu maza muke yin tuntuɓe. Da muka tambayi dattijon nan wace mota yake nufin a sayar, sai ya yi murmushi ya ce: "Ta Hajiya mana." To, ku sani aure ba ya haɗe dukiya a Musulunci. Aya ta 32 ta Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabonsu daga abin da suka tsiwirwirta, kamar yadda ta tabbatar wa maza. Aya ta 4 kuma ta nuna cewa ko sadakin da miji ya bayar da hannunsa ba ya halatta gare shi sai da daɗin ranta. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da miji yake da ikon hanawa shi ne kyautar da ta wuce sulusin dukiyarta. Amma ya sayar mata da kaya ba da yardarta ba, wannan ba shi da shi. Ciyarwa kuma tana nan a wuyansa ko da ta fi shi dukiya.

Saboda haka hanya ita ce shawara. Idan Alƙur'ani ya sa yaye jariri ya zama da yarda da shawarar iyaye biyu, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ina ga dukiyar da mace ta tara cikin shekara talatin na kwanan asibiti? Kuma adalci shi ne a duba wace mota ce ta fi lafiya, ta fi ƙarancin shan mai, ta fi iya rairayin hanyoyinmu. Mai yiwuwa ta maigida ce ya kamata ta tafi. Idan tata aka sayar, kuɗin nata ne, kuma ya zama an yi mata alkawarin da za a cika, cewa ba za ta koma roƙon mabuɗi ba duk ranar da za ta gaida 'yan'uwanta. Wanda kuma yake da mace fiye da ɗaya, ya kiyaye kada motar da ta rage ta zama ta ɗaki ɗaya.

Sa'annan a rubuta. Mun sha zama rabon gado inda mace take rantsuwa cewa da kuɗinta a cikin mota, takarda kuma tana ɗauke da sunan marigayi shi kaɗai. Daga nan sai motar ta shiga gado dukanta, ita kuma ta tashi da tumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas, idan akwai 'ya'ya, in ma da kishiyoyi su raba tumunin tare. Takarda guda da shaidu biyu sun isa su toshe wannan ƙofa tun ana raye.

Hanya ta uku

Tsakanin sayarwa da ajiyewa akwai wata hanya. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (R.A.) cewa a wata tafiya Annabi (S.A.W.) ya umarci duk mai rarar abin hawa ya taimaka wa wanda ba shi da shi, haka ma mai rarar guzuri, har sahabbai suka ɗauka babu mai haƙƙi a cikin rarar da ke hannunsa. Su ne mutanen da suka fita Badar suna karɓa-karɓa, mutum uku a raƙumi ɗaya, Annabi (S.A.W.) ma yana cikin masu karɓa-karɓar.

Idan Allah ya yalwata wa ma'aurata har riƙon mota biyu bai taɓa haƙƙin kowa ba, to su sa ta biyun aiki. Ana iya ba wani matashi amintacce ya yi jigila da ita bisa yarjejeniya rubutacciya, shi ya samu sana'a, su kuma su samu ƙari a kan fansho. Ana iya tsayar da ita don marasa lafiya da masu naƙuda na unguwa, jama'ar masallaci su ɗauki nauyin mai da direba. Wace sadaka ce ta fi dacewa da tsohuwar unguwarzoma fiye da wannan? Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya kasa dawaki uku: wanda yake lada ga mai shi, da wanda yake sutura, da wanda yake zunubi saboda an ɗaure shi don alfahari da riya. Kowane mai mota ya tambayi kansa a wane kashi tasa take.

Abin da muka ce wa dattijon nan ke nan: ya ƙidaya buƙata, ya auna iko, ya nemi yardar mai abu, su yi istihara, sa'annan su rubuta abin da suka yanke. Mun kuma roƙe shi ya fara da ba Hajiya haƙuri, domin ya yanke hukunci a kan abin da ba nasa ba tun kafin ya tambaya.

Allah ya sanya albarka a cikin abin da ya ba mu, ya wadatar da mu da halal ɗinsa, ya kyautata ƙarshen iyayenmu da namu. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.