Ɗan Zaren Gefen Farce: Kada a Fizge Shi da Haƙori

Idan hunturu ya kankama, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, hankalin kowa kan koma kan faso a dunduniya da tsagewar leɓe. Ba a cika tunawa da fatar da ta kewaye farce ba, alhali ita ma bushewa take yi, ta yi fari fat, ta tsage, sai ka ga wani ɗan zare ya miƙe a gefen farce. Ka sa hannu aljihu ya maƙale, mace ta zo ɗaura ɗankwali ya kama. Abin da yawancinmu kan yi shi ne mu kai yatsa baki, mu cije, mu fizga. To, nan ake yin ɓarnar.

Ya kai mai karatu, dubi gindin farcenka da kyau. Za ka ga wata siririyar fata manne da shi. Wannan ba ado ba ce, marfi ce. Daga ƙarƙashin wurin ne farce ke tsirowa, kimanin milimita 3 a wata, shi ya sa wanda farcensa ya cire kan yi wajen wata 6 kafin sabo ya cika. Muddin marfin nan na manne, dauɗa da ƙwayoyin cuta ba su da ƙofar shiga. Shi kuwa ɗan zaren nan fata ce da ta mutu a sama, amma gindinta na haɗe da nama mai rai. In ka fizge, ba inda ya mutu zai tsinke ba, yagewa zai yi ya bi nama har jini ya tsattsafo. Ga ƙofa ka buɗe, ga kuma yawu ka shafa mata, baki kuwa cike yake da ƙwayoyin cuta.

Sau da yawa daga nan ɗan karkare ke samo asali. Wanda ya taɓa yin sa ba ya bukatar bayani: yatsa ya kumbura ya yi sheƙi, yana zogi kamar ana kaɗa ganga a ciki, ƙato da gemunsa ya kwana zaune ya ɗaga hannu sama da kai. Tela ya ajiye almakashi, mai tuwon sayarwa ta yi mako ba ta tuƙa ba.

Ba iska kaɗai ke busar da fata ba. Ruwa da sabulu sun fi ta ɓarna, domin suna wanke maiƙon da jiki ke yi wa kansa. Uwargida mai wanke-wanke, da mai wanki da guga da ke yini hannu cikin omo, da birkila mai taɓa siminti, su ne kan gaba. Mu kuma da ke alwala sau biyar a yini, a tsane hannu bayan an idar, a shafa mai tun fatar na da sauran laima. Ba sai mai tsada ba. Man kaɗanya ya isa, basilin ma ya yi. Wurin da ake mantawa shi ne gindin farcen kansa: a ɗan lakato, a murza wa kowane yatsa, musamman da dare in za a kwanta. Mai yawan wanki in da hali ya sayi safar hannu ta roba.

In zaren ya riga ya tashi, a tsoma yatsan cikin ruwan ɗumi kamar minti biyar ya yi laushi, a sa ƙaramin almakashi mai tsabta a datse shi daga gindi, a shafa mai.

Sai batun mai yankan farce da ke yawo a kasuwa da tasha. Sana'arsa yake yi, ba a raina ta. Amma ka hana shi kankare marfin nan da sunan gyara, ko da kuwa zai fi kyaun gani. Ka kuma lura da almakashin: wanda ya yanke wani ɗazu ne zai taɓa ka yanzu, ɗan ruwan kumfar da yake gogawa kuwa bai isa ya kashe duk ƙwayoyin cuta ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya kwana 7 da ranta a busasshen jini. Abin yankan farce ba shi da tsada, ka sayi naka ka miƙa masa.

In gefen farce ya yi ja ya fara zafi, a riƙa jiƙa shi a ruwan ɗumi da ɗan gishiri, minti 15, sau uku ko huɗu a rana. Kada a cusa yatsan cikin lemun tsami, kada a zuba masa fetur ko kalanzir, kada a tsaga da reza. In ya tara mugunya, ko jan ya fara hawa yatsa, ko zazzaɓi ya biyo baya, sai asibiti. Mai ciwon suga shi kam kada ya tsaya jiran mugunya, ran da ya ga kumburi ran nan zai je.