Yadda Ake Koya wa Yara Karatu da Fahimta a Firamare

Duk malamin da Allah Ya ɗora wa amanar yara ƙanana, wajibi ne ya sani tun da fari cewa furta haruffa daban, fahimtar ma'ana daban, domin sau da yawa akan tarar da aji ya ɗauki murya ɗaya yana bin malam har ɗakin na amsawa, amma da an keɓe yaro guda an nuna masa kalma a tsakiyar shafi, sai ya yi tsuru-tsuru, alhali ya haddace shafin kakaf.

Saboda haka kunne ake fara horarwa kafin ido. Malam ya ba su tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ya sa su maimaita da bakinsu, sa'an nan su riƙa tafi suna rarraba sunayensu gaɓa-gaɓa, Sani tafi biyu, Amina tafi uku, har yaro ya gane cewa magana harhaɗa ta ake yi.

Daga nan sai wasula biyar, a, e, i, o, u, sa'an nan baƙaƙe kaɗan-kaɗan, ana auna kowane baƙi da wasulan nan, ba, be, bi, bo, bu, kamar dai yadda malaman allo suka gada, babbaƙu tukuna kana farfaru. A nan ne ake bukatar haƙuri da tsantseni wajen haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ: a rubuta kafa da ƙafa, daka da ɗaka, kusa da juna a kan allo, yaro ya zo ya ɗora yatsa a kan wadda aka furta. Haka kuma a nuna masa cewa sh da ts da gw, ko da yake haruffa biyu ne a ido, sauti ɗaya ne a baki.

Idan gaɓoɓi suka zauna, sai a shiga gajerun jimloli, kuma tun da yake rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, lalle ne yaro ya koyi neman hujja daga maƙwabtan kalma, ta yadda in ya ga "ta tankaɗe gari" da "ya shiga gari" zai faɗi kowace daidai, kuma ya bayyana dalilinsa.

Bayan haka sai cikakken labari, irin waɗanda Alhaji Abubakar Imam ya tsara a Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937. Kafin a buɗe littafi, malam ya fayyace kalmomi masu wuya; ana cikin karatu ya dakata ya ce, "To, me kuke tsammani zai faru?", bayan an kammala ya fara da tambayoyin zahiri, wa da ina da yaushe, sa'an nan ya haura zuwa "don me" da "in kai ne, yaya za ka yi?", domin a nan ne hankali yake aiki.

A ƙarshe, kome yawan ajin, malam ya ware lokaci kowane mako ya kira yara ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa kowa rubutun da bai taɓa gani ba, ya karanta a zuci, ya rufe, ya faɗi abin da ya fahimta. Wanda ya iya, a ƙara masa littafi. Wanda ya kasa, a komar da shi matakin da ya tsallake cikin lallashi, ba tare da bulala ko muzantawa ba, domin haƙƙinsa ne a wuyan malam.