Kurmin Kogi: Ƙasarta da Masu Riƙe da Ita

Kurmin Kogi tana cikin Ƙaramar Hukumar Ikara, a arewacin Jihar Kaduna, daura da ƙasar Kano. Ita ɗaya ce daga mazaɓu 10 na Ikara, tare da su Paki da Auchan da Saulawa da Pala. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai fadamu. Ruwa yakan sauka daga wajen Mayu zuwa Oktoba, a noma masara da dawa, da rani kuma a koma lambun tumatir da barkono.

Mutanenmu ba a dunƙule suke ba. Ƙauye nan, unguwa can, rugar Fulani a tsakani, kowa ya zauna kusa da gonarsa. Wannan ya yi wa manomi daɗi, amma ya ba hukuma wuya. Rijiyar burtsatse ɗaya a birni za ta shayar da gidaje masu yawa, a nan kuwa sai a yi tafiya kafin a iske ta. Haka makaranta, haka ɗakin shan magani. In damina ta yi nisa, rafi ya kawo, yaron da ke ƙetare sai ya kwana biyu bai ga aji ba.

A zamanin En'e duk wannan ƙasa Zariya take bi. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, Ikara ta sami tata. Daga baya aka fitar da Makarfi da Kubau daga cikinta, a 1996 kuma aka yanki Kudan daga Makarfi, hedkwatarta Hunkuyi.

Yanzu hanyar mulki biyu ce, kuma ɗalibai da yawa sukan rikita su. Ta farko ta gargajiya: mai unguwa, dagaci, hakimi, har zuwa Sarkin Zazzau. Su ne masu sasanta rikicin iyakar gona da ɓarnar shanu. A 2017 gwamnatin jiha ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, abin da ya ƙara wa na nesa nisa. Ta biyu ta zaɓe: kansila da ciyaman. Kwalbati da kasuwa da gyaran firamare aikinsu ne.

A ganina iyayenmu sun fi sabawa da ƙofar dagaci, shi kuwa ba shi da baitulmali. In gadar ƙauyenku ta karye, ku raka su wurin kansila, da takarda a rubuce, da sa hannun mai unguwa.