Tsutsar Ciki A Jikin Kunkuru Da Maganinta

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan ɗakin nazarin halitta na kwalejin nan ya san ɗan shingen da mu ke ajiye kunkuru a ciki. Dā su biyu ne, yanzu saura ɗaya. Ni aka ba kiwonsu, kuma da hannuna na yi wa ɗayan allurar da ta kashe shi. Shi ya sa da aka ce in rubuta darasi a wannan fitowa na zaɓi wannan magana, domin da yawa daga cikinku, in kun fita, za ku ajiye irin dabban nan a makarantunku don koya wa yara.

Mu da muka zo daga Arewa mun fi jin labarin ƙaton kunkurun nan na bakin hamada, mai cin ciyawa, mai haƙa rami, wanda nauyinsa kan wuce kilo 50. Namu na nan Kudu ba shi ba ne. Ƙarami ne, ƙoƙon bayansa yana da gaɓa wajen gindi, in ya tsorata sai ya ja ta ya rufe ƙafafunsa na baya. Abincinsa dodon koɗi, da naman kaza, da 'ya'yan itacen da suka faɗo. Amma wajen tsutsar ciki, da maganin da ke kashe su, duk hukuncinsu ɗaya.

Ga yadda abin ya faru. Na lura ɗayansu ya rage cin abinci, in na ɗaga shi sai in ji ba nauyi, kamar ƙwarya wofi. Ran nan na tarad da tsutsa fara, tsawonta kamar ɗan yatsa, cikin kashinsa. Ban yi shawara da kowa ba, na nufi kasuwa wurin wani mai sayar da maganin dabbobi. Ya ɗauko mini kwalbar ivermectin, ya ce wannan shi a ke yi wa shanu da awaki, ba tsutsar da ke tsira. Gaskiya ne, shanu da awaki a na yi musu shi. Na yi wa kunkuru ɗan kaɗan, wai ina tausayinsa. Washegari na same shi wuya a sake, ƙafafu a miƙe, ko ja da su ciki ba ya iyawa. Kwana uku ya mutu.

Kada wani ya ce mugun magani ne. Tun 1981 a ke amfani da shi ga dabbobi, shi ne kuma a ke raba wa mutane a ƙasar nan domin makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Mutum biyu da suka gano shi, William Campbell da Satoshi Omura, sun sami kyautar Nobel a 2015. Aikinsa shi ne ya shanye jijiyoyin tsutsa. To, abin da ya ke yi wa tsutsa shi ya ke yi wa kunkuru, da na tudu da kififiya ta ruwa, ko da an ba shi kaɗan ƙwarai, ba kuwa wani makarinsa. Likitocin dabbobi a Amurka sun buga wannan gargaɗi tun 1983, ni ne dai ban tambaya ba.

Da na biyun ya fara ramewa sai na kai shi wurin likitan dabbobi, abin da ya kamata in yi tun farko. Abin da ya fara nema kashin kunkuru ne sabo. In kana so ka samu, saka shi cikin tasa mai ruwan ɗumi wanda bai wuce haɓarsa ba, ka tsaya a kansa kamar minti 20, galibi sai ya yi. A nan akwai inda mutane ke ruɗewa. Kunkuru kan fid da wani farin abu mai kauri kamar kunun alli, sai a ce tsutsa ce ta narke. Ba tsutsa ba ce, fitsarinsa ke nan, haka Allah ya yi shi, kamar farin da ke cikin kashin kaza.

Gwajin da likita ya yi, ko wane ɗalibi zai iya yinsa a ɗakinmu. A zuba gishiri cikin ruwa a yi ta motsawa har ya ƙi narkewa. A dama kashin kaɗan a ciki, a tace, a cika 'yar kwalba fal har bakinta, a ɗora ɗan gilashi a bisa ya taɓa ruwan. Ƙwan tsutsa bai kai ruwan gishiri nauyi ba, saboda haka sai ya taso ya manne wa gilashin. Bayan minti 15 ko 20 a ɗauke, a duba a madubin likita.

Iri biyu aka fi gani. Akwai ƙanana ƙwarai, masu zama can ƙarshen hanji, ƙwansu dogo-dogo ne. Waɗannan kusan ko wane kunkuru yana da su, in ba su yi yawa ba ba su cutarsa, likitoci da yawa ma ba su ba da magani dominsu. Wannan ya ba ni mamaki, don ni a ganina dā duk tsutsa abokiyar gaba ce. Sa'an nan akwai manya, dangin macijin cikin da ke kama yara, ƙwansu kewayayye mai kaurin ɓawo. Su ne ke cinye abincin dabba, su sa ta zawo da rama, in sun taru su toshe hanji. Irinsu muka samu a namu.

Maganin da likita ya ba da sunansa fenbendazole, a kanti an fi saninsa da Panacur, ta baki a ke ba da shi. Bai ɗiba ba sai da ya ɗora kunkuru a sikeli. Ga lissafin, ku da ke koyar da lissafi ku bi ni. Ya zaɓi miligiram 50 ga ko wane kilo ɗaya na nauyi. Kunkurunmu giram 800 ne, watau yana bukatar miligiram 40. Ruwan maganin da ke hannunsa kuwa, ko wane mililita ɗaya yana ɗauke da miligiram 100. Ashe rabonsa mililita 0.4 ke nan, bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na ƙaramin cokali ba. Wa zai iya auna wannan da ido? Ku lura kuma, ƙarfin maganin ba ɗaya ba ne a ko wace kwalba, in ya yi yawa yana raunana jinin kunkuru, don haka kada ku ɗauki lissafin nan ku yi aiki da shi ba da likita ba.

Ba shi maganin ma wani aiki ne. Da ka taɓa shi ya shige ƙoƙonsa, kai da ganin kansa sai ka gaji. Kada a ɓanɓare shi da ƙarfi. Mu dai mun bar shi da yunwa kwana ɗaya, muka ɗura maganin da sirinji marar allura cikin ɗan yankin ayaba wanda zai cinye a lomarsa biyu, na ɓuya ina leƙensa har ya gama. Bayan mako biyu aka sake, domin na farko manya ya ke kashewa, ƙananan da ba su ƙosa ba kan tsira. Muka riƙa jiƙa shi a ruwan ɗumi kullum, muka kuma ajiye shi inda hantsi ke samunsa, gama jikin kunkuru ba ya yin zafi da kansa, in ya yi sanyi hanjinsa sai ya tsaya cik. A kwana na huɗu matattun tsutsotsi suka fara fita.

Saura tambayar da wani ɗalibi ya yi mini: na daji wa ke ba shi magani? Ba kowa. Na daji ya yi kashi ya wuce, ba ya komawa. Namu kuwa mun tsare shi a fili taku biyar, nan ya ke kashi, nan mu ke zuba masa abinci a ƙasa, ƙwan da ya fitar jiya shi ya ke haɗiya yau. Laifin shingenmu ne. Saboda haka muka kwashe ƙasar sama duka muka zuba sabuwa, muka sa masa faranti, a na kwashe kashi ko wace safiya, a na sake ruwan sha. In an kawo baƙon kunkuru, a ware shi dabam sai an gwada kashinsa. Yaron da ya taɓa kunkuru kuwa lalle ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, don kunkuru, ko lafiyayye ne, yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi.

Wata guda bayan magani na biyu muka sake gwajin gishiri, ba mu ga ƙwan manyan ba ko ɗaya. Yanzu ran ɗaya ga ko wane wata mu ke auna shi mu rubuta a littafi, awon da ya wuce ya kai giram 870. 'Yan aji biyu da ke son ganin ƙwan tsutsa da idonsu su same ni a ɗakin nazarin halitta ran Alhamis bayan la'asar, ko wanne ya zo da 'yar kwalba wankakkiya.