Damuwa a Landan: Ka Taimaki Jikinka Ya Taka Birki

Ɗan'uwa mai aikin dare a Landan, ga kuɗin haya, ga 'yan gida suna jiran aike, kada ka ɗauka damuwarka a zuci kawai ta tsaya. Tana da hanyar da take bi a jiki.

Da hankali ya tashi, wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamus, yakan sanar da ƙullin fituwitari. Shi kuma sai ya zuba sinadarin ACTH cikin jini, ya je ga wasu ƙullaye biyu da ke saman ƙoda, su saki sinadarin kotisol. Sukarin jini ya hau, jiki ya ɗaura ɗamara. A nan Landan, a asibitin Maudsley, wani masani, Geoffrey Harris, ya yi aiki a shekarun 1950 kan yadda ƙwaƙwalwa ke juya fituwitari. Hikimar Allah a nan ita ce, in kotisol ya wadata, shi da kansa yake komawa ƙwaƙwalwa ya sa a dakata. Wannan birkin ne damuwa mai tsawo da rashin barci suke lalatawa.

Saboda haka fara da barci. Kotisol yana hawa da safe, ya yi ƙasa wajen tsakar dare, kuma haske ne ke saita masa lokaci. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, don haka ka fita ka taka ko da na minti 20 ne tun da sauran haske. In daga aikin dare ka dawo, ka duhunta ɗaki, ka bar kofi da goro sa'o'i kafin kwanciya.

Sai kuma yanayin aiki. Binciken Whitehall na biyu, wanda Michael Marmot ya fara a 1985 kan ma'aikatan gwamnati a Landan, ya nuna waɗanda ba su da ta cewa a aikinsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya. In akwai hali, ka nemi a riƙa shawara da kai wajen tsara ranakun aikinka.

'Yar'uwa, ke kuma ki kula da man bilicin. Da yawansu akwai sitiroid a ciki, mai yaudarar ƙwaƙwalwa ta hana jiki yin nasa kotisol ɗin. Wanda ya daɗe yana shan maganin sitiroid irin su prednisolone ma kada ya yanke shi kwatsam sai da izinin likita.

Idan damuwar ta ɗauki makonni, ka ga likitan unguwarku. A Ingila kana iya tura sunanka da kanka zuwa NHS Talking Therapies, shirin jinya ta hanyar tattaunawa, kuma kyauta ne. Don Allah kada kunya ta hana ka.