Darasin Lafiyar Iyali: Maganin Ta da Naƙuda

Ciki ya kan kai mako 40, in an ƙidaya daga ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara. Daga mako 37 jariri ya isa haihuwa. Yawancin mata naƙuda ta kan zo musu da kanta. Amma wani lokaci likita ya kan ga jira ya fi haihuwa hatsari, sai ya ba da maganin da zai ta da naƙuda. Ya kamata kowane gida na Ekklesiya ya san maganin nan, gama a wurin da ya dace ya kan ceci rai, a wurin da bai dace ba kuwa ya kan kashe.

Yaushe a ke ba da shi?

1. In ciki ya kai mako 41 naƙuda ba ta zo ba. Mabiyiya ta kan tsufa, ta kasa ciyad da jariri sosai.
2. In faya ta fashe, aka kwana aka wuni ba naƙuda. Hanya ta buɗe ke nan, cuta na iya shiga.
3. In jinin uwa ya hau, har ana tsoron jijjiga.
4. In jariri ya rasu a ciki.

Ba a ba da shi in jariri ya kwanta a gicciye, ko in mabiyiya ta tare bakin mahaifa.

Magani iri biyu

Bakin mahaifa a rufe ya ke, da tauri kamar kan hanci. Kafin a haihu, sai ya yi laushi kamar leɓe. In bai yi ba, a kan fara da misoforostol. Asalinsa maganin gyambon ciki ne, daga baya aka gane yana sa bakin mahaifa laushi, yana kuma kawo naƙuda. A kan sha shi, ko a sa shi ta gaba. Ƙwayar da a ke sayarwa yawanci awonta 200 ne, amma abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2011 domin wannan aiki 25 ne kaɗai a lokaci guda, watau kashi ɗaya cikin takwas.

Na biyu shi ne oksitosin. Jikin mace da kansa yana yinsa, shi ne ke sa mahaifa ta matsa. Wani masani na Ingila, Henry Dale, ya gane aikinsa a 1906, sa'an nan Vincent du Vigneaud na Amurka ya haɗa shi a 1953. A kan zuba shi cikin ƙarin ruwa, ya shiga jijiya ɗigo-ɗigo, a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu.

Don me sai a asibiti?

Duk sa'ad da mahaifa ta matsa, jinin da ke zuwa wa jariri ya kan ragu. In ta saki, sai ya huta. Idan magani ya yi yawa, matsa na bin matsa ba hutu, jariri ya galabaita, mahaifa ma tana iya tsagewa. Domin haka ungozoma ta kan ɗora hannu bisa ciki ta ƙidaya. In matsa ta wuce biyar cikin minti goma, ta yi yawa. Ta kan kuma saurari bugun zuciyar jariri. Ƙarin ruwa a kan tsai da shi nan da nan, amma ƙwayar da aka haɗiye a gida, wa zai komo da ita? Matar da aka taɓa yi wa aiki aka ciro jariri, ba a ba ta misoforostol, gama tabon na iya buɗewa. Jiƙo da saiwa na hanzarta haihuwa su ma haka ne, ba wanda ya san awonsu.

Gargaɗi ga 'yan'uwa

Kuskure biyu ne a cikinmu. Waɗansu su kan ƙi maganar likita, su ce rashin bangaskiya ne a riga Allah. 'Yan'uwa, wanda ya sa lokacin haihuwa, shi ne ya ba mutum sanin magani. Waɗansu kuma su kan gaji da jira, su aika kanti a sayo ƙwaya ko allura. Gaggawa ba ta haifar ɗa mai ido.

Maigida, kada ka bari sai dare ya yi ka fara neman mota. Ka tanadi kuɗin tafiya tun ciki na wata bakwai, ka kuma ba matarka izini tun yanzu ta tafi asibiti ko ba ka nan. Zumuntar Mata, ku taimaki ƙannenku su riƙe kwanan watan cikinsu, su je awo. Ku karanta Fitowa sura 1, ku ga yadda ungozoma biyu masu tsoron Allah suka tsare ran jarirai.

Tambayoyi

1. Faɗi dalili uku da ke sa a ta da naƙuda.
2. Don me jariri ke bukatar hutu tsakanin matsa da matsa?
3. In maƙwabciyarki ta ce za ta sayo ƙwayar naƙuda, me za ki gaya mata?