Gidan da Wurin Aiki Ya Ba Ka da Harajin da Ke Kansa

In kana da ɗa ko ƙane da ya fito daga makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu, ko yake aiki a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke garin, ka san hirar da ake yi yanzu: wane ya tafi Saudiyya, wance ta tafi Ingila, ga albashi, ga gida kyauta. A kan wannan kyautar za mu tsaya, domin mai haraji ba kyauta yake kiranta ba.

Dattawan Gwaram da Birnin Kudu ba su manta da 1979 ba, muna cikin tsohuwar Jihar Kano, da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Wancan harajin shi ne wanda mai unguwa ke bi gida-gida yana karɓa. Harajin albashi kuwa yana nan daram, ana yankarsa tun kuɗi ba su shigo hannu ba.

To, a idon doka albashi ba tsabar kuɗi kaɗai ba ne. In an ba ka kwatas, ana ƙiyasta hayarsa ta shekara a ɗora kan albashinka, sannan a lissafa haraji. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta yi wa abin iyaka: ba zai wuce kashi 20 cikin ɗari na albashin shekara ba. A ce Malam Wane na karɓar naira miliyan 5 a shekara, gidan da aka ba shi ya kai hayar miliyan 2. Miliyan 1 kawai za a ɗora, a yi masa lissafin mai miliyan 6. Da kuɗin haya aka danƙa masa a hannu, da miliyan 2 ɗin duka sun shiga lissafi, sai dai ya nemi rangwamen haya, wato kashi 20 na abin da ya biya, iyakarsa naira 500,000. Kuɗin kwasar kaya in an yi maka sauyin wurin aiki, muddin bai wuce hankali ba, ba a taɓa shi.

A ƙasar waje kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Saudiyya ba ta yankar haraji a albashi, balle gida. Ingila kuwa tana lissafa gidan da wurin aiki ya ba ka cikin abin da ka samu, sai in aikin ne ya tilasta zama a cikinsa, kuma ta yafe haraji a kan kuɗin ƙaura har fam 8,000. Najeriya da Ingila suna da yarjejeniyar hana yankan haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya.

Ga inda mutanenmu suka fi yin tuntuɓe. Da yawa sun ɗauka jirgi na tashi daga Kano shi ke nan, an rabu da hukuma. Ba haka ba ne. Ƙidayar kwana 183 da mutum ya yi a Najeriya cikin wata 12 ɗaya ce kawai daga ma'aunan zama ɗan gida. Sabuwar dokar tana kuma duba ko kana da gidan zama a nan, ko iyali da harkar dukiya. Mutumin da ya bar matarsa da 'ya'yansa a garin Sara, ga gona ga shago a kasuwa, da wuya ya ce ya yanke cibiya, kuma wanda aka ɗauka mazauni, abin da ya samu ko'ina a duniya yana iya shiga lissafi. Wannan ya fi shafar na Saudiyya, tunda ba shi da rasit na harajin da ya biya can da zai nuna a rage masa.

Saboda haka kafin ka sa hannu, tambayi masu ɗaukarka: gida ne ko kuɗin haya, na wata nawa ne, wa zai biya harajinsa? A rubuta amsar cikin takardar kwantiragi, don maganar dillali a waya ba shaida ba ce. Ka adana takardar albashin kowane wata da fasfo mai hatimin shiga da fita, sannan ka je ofishin hukumar tattara kuɗaɗen shiga a Dutse da su a hannu, a faɗa maka matsayinka tun ba ka sayi tikiti ba.